Iskar taya a hanyar daji: wane famfo ya kamata matafiyi ya riƙe?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, wanda ya san hanyar Lugu ya san rairayi da ƙaya. Garin yana cikin ƙasar Arewa, nesa da babban titin kwalta wanda ya bi ta Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni. Baƙi kan zo da motoci domin ganin garin Sarauniya Mangu, wadda ta yi yaƙi da sojojin Faransa a shekarar 1899. Mutanen gari kuwa suna bin hanyar da amalanke, da babur, da keke, domin kai hatsi da wake kasuwa, ko kai maras lafiya asibiti.

A irin wannan hanya babu mai faci a kusa. Ƙayar aduwa guda ɗaya ta isa ta tsayar da amalanken da ya ɗauko mace mai naƙuda. Ko an liƙe hujin, in babu abin buga iska, aikin banza aka yi. Saboda haka famfo guzuri ne, kamar ruwan sha.

Famfon hannu

Shi ne mafi araha, kuma ba ya bukatar komai sai ƙarfin mutum. Ya isa keke da babur. Yana iya cika tayar amalanke, amma sai an yi haƙuri da gumi. A riƙa ɗiga ɗan mai a kan fata ko robar da ke cikinsa, domin in ta bushe iska ba ta tafiya.

Famfon ƙafa

Ana taka shi ne, don haka bai kai na hannu gajiyarwa ba. Galibi yana zuwa da ma'aunin iska. Ya dace da amalanke da ƙaramar mota. A ɗora shi a kan katako ko dutse, kada rairayi ya shiga cikinsa.

Famfon lantarki na batirin mota

Ƙaramin inji ne mai aiki da wutar batiri ta volt 12. Shi ya fi dacewa da motocin da ke shiga daji. Direbobi kan rage iskar taya in za su ratsa rairayi, domin taya ta baje kada ta nutse. Da an hau kwalta wajibi ne a mayar da iskar, don taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi in ana gudu, har ta fashe. A bar injin mota yana aiki lokacin bugun iska, kada batiri ya mutu, amma a fili, ba cikin rufaffen wuri ba, saboda hayaƙin mota guba ne. In famfon ya yi zafi, a bar shi ya huce.

Famfo mai batirin kansa

Ana cajinsa kamar wayar hannu, har da wutar hasken rana. Yana shiga aljihun jaka, kuma ya ishi babur. Aibinsa shi ne caji kan ƙare. Kada a bar shi cikin rana, domin zafi yana lalata batirinsa.

Manyan motoci masu birkin iska kuwa, tankin iskarsu yana iya cika taya in akwai doguwar mesa da ta dace.

Iska nawa ya kamata?

Masu faci suna auna iska da abin da suke kira kilo. Yawancin ƙananan motoci suna son kilo 2 zuwa 2 da rabi. An rubuta adadin a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Lambar da ke jikin taya kuwa ita ce iyakar da ba a wucewa. A auna da safe kafin a tashi, domin taya mai zafi tana nuna iska fiye da gaskiya. Amalanke mai laushin taya yana wahalar da jaki ko shanu a kan ƙasa mai tauri, kuma bakin ƙarfe yana iya yanka robar ciki.

Kafin a tashi

1. A gwada bakin famfo da bawul, wato ƴar ƙofar da iska ke shiga. Na wasu kekuna siriri ne, bai yi daidai da na babur da mota ba.
2. A riƙe gam, da guntun roba, da ƙarfen cire taya.
3. A riƙe ɗan sabulu. Kumfarsa tana nuna inda iska ke fita.
4. Lokacin bugun iska a tsaya gefe, kada a sunkuya a kan taya, kuma a kawar da yara. Tsohuwar taya mai tsaga tana iya fashewa ta ji wa mutum ciwo.

In mutum ɗaya ba zai iya sayen famfo ba, masu amalanke na unguwa su haɗa kuɗi su saya, a ajiye wurin wanda kowa ya amince da shi. Ranar da za a fita da maras lafiya cikin dare, kada a manta da shi. Rigakafi ya fi magani.