Sitiyarin Katako: Kafin Ka Miƙa wa Kafinta

A cikin badalar Kano, ba nisa da Ƙofar Nasarawa, akwai wani kango mai rufin kwano inda wata 'yar mota mai kujera biyu ta fi shekara talatin a kan duwatsu. MG ce, ƙirar Ingila, sitiyarinta a dama. Mahaifin wani abokina ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida, tun kafin Najeriya ta koma bin hannun dama a titi ranar 2 ga Afrilun 1972. Da tsohon ya rasu aka raba gado, sai motar ta faɗo a rabon abokin nawa, shi kuma ya ɗaura niyyar tayar da ita.

Abin da ya fara cirewa shi ne sitiyarin, don shi ya fi sauƙin kwancewa. Na riƙe shi da hannuna a ranar. Katako ne da ya yi duhu kamar tsohon allon makaranta, sai wurare biyu da suka koɗe suka yi santsi, daidai inda tafin marigayin ke zama. Akwai tsaga siririya daga ƙasa. A jikin ɗaya daga cikin ƙafafun ƙarfen guda uku kuma akwai wani ɗan rubutu da datti ya cike. Muka kai wa wani kafinta. Ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, bar min shi zuwa jibi. Wallahi sai ka rantse daga kanti aka ɗauko shi." Bai kuwa saɓa alkawari ba. Ya bi shi da sanfefa har sai da farin itace ya fito, ya cike tsagar da gam da garin katako, ya zuba masa folish hawa uku, ya goge ƙarfen har rubutun nan ya ɓace. Ni da bakina na yaba aikin. Sai daga baya na gane cewa garin gyaran gira mun tsokane ido. Wannan rubutun shi kaɗai ne zai gaya mana wanda ya ƙera sitiyarin, koɗewar nan kuma ita ce sawun hannun mai motar.

Sitiyarin katako ba don ado kawai aka fara yin sa ba. Motocin tsere na shekarun 1950 ba su da na'urar da ke sauƙaƙa murza sitiyari, ƙarfin damtse ne. Don haka ake yin sa da faɗi, inci 15 ko 16, kuma ana so ya zama mara nauyi, mai daɗin riƙo, wanda zai rage girgizar da ke tasowa daga titi. Wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Nardi, ya shahara da wannan sana'a a birnin Turin tun daga 1951. Ana yanka falle ɗaya na alminiyam, a fitar da zobe da ƙafafu uku a jikinsa, sannan a rufe zoben da katako gaba da baya, a manne da gam, wasu maƙeran su ƙara da ƙananan ƙusoshi. Ta baya a sassaƙa gurbin yatsu. Na Nardi ana gane shi da baƙin zare da ya zagaye fuskar katakon da kuma sa hannunsa da aka zana a jikin ƙafa ɗaya. Kamfanin Ferrari ya rungumi aikinsa, har ya zama shi ne a jikin 250 GTO, motar da guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, wadda aka sayar da ɗaya a gwanjo a 2018 kan dala miliyan 48 da ɗoriya. A Ingila kuma, Jaguar E-Type da aka fito da ita a Maris ɗin 1961 ta zo da nata mai inci 16, ƙafafunsa da huji-huji.

Daga baya fata ta ture katako. Direbobi sun fi son ƙaramin sitiyari mai kauri, ga shi kuma katako idan an yi karo yakan tsage ya zama tsinke mai huda ƙirji. Da jakar iska mai kare direba a lokacin karo ta zo, zancen ya ƙare.

To mene ne "na asali"? Nan ne maganar ta fi yadda ake zato zurfi, kuma nan ne dillalai ke cin kasuwarsu. Akwai sitiyarin da motar ta fito da shi daga masana'anta, wannan shi ne gangariya. Akwai wanda mai motar ya saya a zamanin ya ɗaura don sha'awa. Irin MG ɗin abokina, wato MGB da aka fara ƙerawa a 1962, da baƙin sitiyarin roba take fitowa, masu ita ne ke canza shi da na katako daga kamfanoni irin su Moto-Lita ko Les Leston. Ke nan wanda muka kankare ma ba na masana'anta ba ne. Amma ɗan zamaninsa ne, kuma ya zama wani yanki na tarihin motar, masana suna girmama irinsa. Sai kuma sabon ƙira. Kamfanin Nardi na nan har gobe yana aiki, ko da yake mai sunan ya rasu tun 1966. Wanda ka saya bana Nardi ne na gaskiya, ba jabu ba, amma ba shi ne na 1960 ba, kuma duk wanda ya sayar maka da shi a matsayin tsoho ya yi algus.

Wani abin dariyar ma, akwai inda roba ce asali, katako ne baƙo. Motocin Amurka da yawa na shekarun 1960 sun fito da sitiyarin roba da aka yi wa zanen itace. Rolls-Royce ta farkon shekarun 1950, irin wadda fadar Kano ke fitowa da ita a manyan bukukuwa, gabanta da gefen ƙofofinta katako ne mai tsada, amma sitiyarin irin waɗannan motoci baƙi ne wuluk, babu ko ƙwayar itace a jikinsa. Wanda ya ɗaura mata na katako don ya burge ya rage mata daraja, ko nawa ya kashe.

Yadda ake tantancewa ba sihiri ba ne, haƙuri ne. Ana auna faɗi da kaurin riƙo, a ƙirga hujin ƙafafu, a dubi yadda aka haɗa gaɓoɓin katakon, a kwatanta rubutun da na wasu da aka tabbatar da shekarunsu. A E-Type, misali, na farko-farko ana ganin zoben alminiyam ɗin a fili ta cikin da'irar, na baya kuma katako ya rufe shi. Tsufa ma yana da nasa harshen. Na gaskiya ba ya koɗewa bai-ɗaya: inda hannu ke zama ya fi cinyewa, saman da rana ke duka ya fi fari, gumi yakan shige cikin itacen ya bar duhu. Masu yin jabu suna jiƙa sabo da shayi ko su bar shi a rana, amma tsufan da aka yi a mako guda yakan fito ko'ina daidai wa daida, kamar rinin da aka tsoma sau ɗaya. Sama da duka akwai takarda: rasit, tsohon hoto, littafin mota, lambar shasi. Tun 2006 Ferrari ta buɗe sashe na musamman mai suna Classiche, wanda aikinsa shi ne ya duba tsohuwar mota gaɓa-gaɓa da kundin masana'anta kafin ya ba da shaidar inganci.

Su ma Turawan ba da wannan hankalin suka fara ba. Sun daɗe suna yin irin abin da kafintanmu ya yi, suna tuɓe mota tsirara su mayar da ita ta fi ranar da aka ƙera ta ƙyalli. A hankali suka farga cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, wadda ke kira da a kiyaye alamun shekaru, a rubuta duk abin da aka canza, a kuma yi gyaran da za a iya warwarewa. A Agustan 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya da ake yi tun 1950, wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bari da ƙujewarta da tsohon fentinta ta lashe babbar kyauta. Karo na farko ke nan da motar da ba a sabunta ba ta yi hakan.

Mu a Kano bai kamata a koya mana wannan darasi daga waje ba, don mun biya kuɗin makarantarsa da tsada. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 da suka wuce, yau wani wurin sai an nuna maka inda take. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da siminti. Sunan na nan, ƙofar da kakanninmu suka bi ce babu. Duk mai son ya ga bambanci ya shiga Gidan Makama ya tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da aka adana a can, da tsatsarsu da lotsawarsu, sannan ya fito ya dubi na siminti. Matsalarmu ɗaya ce ko a gini ko a mota ko a takobin kaka: idan ba a ce "sabo fil" ba, gani muke ba a yi aiki ba.

Ba ina cewa a bar abu ya ruɓe ba ne. Yanayinmu ma ba ya raga wa irin wannan sitiyari. Da damina itace ya sha laima ya kumbura, da hunturu ya bushe ya tsuke, da bazara kuma mota a rufe ta zama tanda, alminiyam ya miƙe, katakon ya ƙi bin sa. Haka gam ɗin ke sakewa, gaɓoɓi su buɗe. Sitiyarin da katakonsa ke juyawa a kan ƙarfe haɗari ne, kada wanda ya hau titin Zariya da shi don son tarihi. Abin yi shi ne a cire shi, a share da tsumma mai ɗan danshi, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a naɗe a ajiye a ɗaki mai inuwa inda gara ba ta kaiwa, a ɗaura wani don tuƙi. Idan gyara ya zama dole, a manne inda ya buɗe kawai, kada a taɓa rubutu, kada a kusanto da sanfefa.

Na tuƙin kuwa, babu laifi a sassaƙa shi a nan gida. Itacen da Nardi ya yi suna da shi mahogani ne na Afirka, wato ɗan'uwan maɗacin nan namu da ke bakin titi, wanda ake shan ɓawonsa don ciwon ciki. Muna da itacen, muna da masassaƙa masu hannu. Sharaɗi ɗaya ne, a faɗi gaskiya: wannan aikin Kano ne, na bana. Kada a buga masa sunan wani.

Abin da ya fi damuna shi ne motocin da ba su ma kai ga kafinta ba. Kangaye da gareji nawa ne a cikin gari da Fagge da Nasarawa ke ɗauke da motocin iyaye, har da fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, waɗanda magada ke kira wa 'yan gwangwan su auna a kilo? Kullum sassansu na bi ta kasuwar Ƙofar Ruwa, ba mai tambayar daga jikin wace mota suka fito.

Don haka idan kana da irin wannan mota a gida, kafin ka kira mai saye ko bakanike, nemo takardunta a akwatin tsoho, ka rubuta lambar shasi, ka ɗauki hoton komai yadda ka same shi. Abokina ya tayar da motarsa, tana tafiya, sitiyarin na sheƙi kamar madubi. Har yau ba mu san wanda ya ƙera shi ba.