Harajin 'Yan Yawon Buɗe Ido: Yaushe Yake Korar Baƙi?

Gwamnatoci da dama na ɗaukar harajin da ake ɗora wa 'yan yawon buɗe ido a matsayin hanya mai sauƙi ta samun kuɗin shiga, domin baƙo ba ya kaɗa ƙuri'a. Sai dai abin da ya faru a wasu ƙasashe ya nuna cewa tasirin harajin ya danganta ne da nauyinsa a kan kuɗin tafiyar, da kuma ko baƙon yana da wani zaɓi.

A watan Satumba na 2022, ƙasar Butan da ke yankin tsaunukan Himalaya ta ɗaga harajin kowane dare daga dalar Amurka 65 zuwa 200, a daidai lokacin da ta sake buɗe iyakokinta bayan annobar korona. Mai kwana 7 sai ya biya dala 1,400 kafin kuɗin masauki da abinci. Da baƙi suka ƙi dawowa yadda aka zata, sai gwamnati ta rage harajin zuwa dala 100 a watan Satumba na 2023.

Haka nan ƙasar Holan ta sanya harajin tikitin jirgin sama a Yulin 2008, amma ta soke shi bayan shekara guda, saboda matafiya da yawa sun koma tashi daga filayen jiragen saman Jamus da Beljiyam.

Birnin Benis na Italiya kuwa ya fara karɓar Yuro 5 daga masu ziyarar wuni guda a ranar 25 ga Afrilu, 2024. Ya tara sama da Yuro miliyan 2 cikin kwanaki 29, amma cunkoso bai ragu sosai ba. Wanda ya biya kuɗin jirgi don ganin birnin da ba shi da na biyu, Yuro 5 ba zai mai da shi gida ba.

A nan Nijeriya, Jihar Legas ta kafa dokar karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin otal da gidajen abinci a 2009. Abin lura ga jihohi da masu otal-otal shi ne, wurin da ke da abokin gasa a kusa shi ya fi saurin rasa baƙi. Idan baƙo ya fasa zuwa, asarar ba ta tsaya ga baitulmali ba. Takan shafi direba, da dukawa, da mai tuwo.