Yadda Aka Zana Ƙasar Katsina Daga Ɗaki a Paris

Shirinmu na yau zai waiwayi zamanin da masanan Faransa ke zana ƙasar Hausa a takarda alhali ba su taɓa taka ta ba.

A taswirorin da ake bugawa a Paris farkon ƙarni na 18, akwai Cassena, akwai Cano da Zegzeg, wato Katsina da Kano da Zazzau. Sunayen sun fito ne daga littafin Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da aka buga a Venis a 1550. Sai dai an jera garuruwan kusa da Kogin Kwara, an ce ya taso daga wani tafki a Borno, ya miƙa yamma, ya ratsa wani tafkin da suka raɗa wa suna Guarde. Bafatake da ke kora jakunansa daga Katsina zuwa Kano da ya ga wannan zane, da ya riƙe baki.

Wanda ya cancanci yabo a cikin masanan nan na Faransa shi ne d'Anville. A taswirarsa ta Afirka ta 1749 ya share duwatsu da tafkunan da ba shi da hujja a kansu, ya bar wurarensu fari fat. Wannan gaskiya ce ta malami. Amma farin takarda ba daji ba ne: a lokacin Katsina na cikin ganiyarta, ayarin raƙuma na sauka daga Agadas da Ghat, malamai na karantarwa a zaurukansu.

Sai a 1796 Mungo Park ya ga Kwara a Segu yana gangarawa gabas. A 1823 Clapperton da Denham suka tsaya bakin Tafkin Chadi. A farkon 1851 kuwa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina ya bi ta Kusada zuwa Kano, yana rubuta sunayen garuruwa kamar yadda 'yan ayari ke faɗa masa. Hanyar da mutanen Kusada da Kankiya suka daɗe da sani, a bakinsu Turai ta koye ta.

Abin takaicin ya zo daga baya. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, kafin jami'ansu Tilho da O'Shee su bi ƙasa suna kafa alamun iyaka. Da haka Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka zauna bayan jihadi, ta faɗa hannun Faransa, Kankiya da Kusada suka zauna ɓangaren Ingila.

Malaman tarihi na makarantunmu, ku nemo hotunan waɗannan taswirori a intanet, ku nuna wa ɗalibai su gani da idonsu.