Shayin Citta a Hunturu: Ɗumin Gaske ne ko Yaudarar Jijiya?

Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, daga Gidan Goga zuwa Maradun, Bakura da Talata Mafara, teburin mai shayi kan cika tun kafin rana ta fito. Ka kurɓi shayin da ya ji citta da kanumfari da masoro, sai ka ji ɗumi ya ratsa ka daga maƙogwaro har ƙirji. To, shin da gaske zafin jikinka ne ya ƙaru?

Amsar tana cikin jijiyoyin bakinka. A jikinsu akwai wata 'yar ƙofa da masana ke kira TRPV1. Aikinta shi ne ta buɗe idan zafi ya kai kimanin digiri 43, ta sanar da ƙwaƙwalwa cewa ga abu mai zafi nan. David Julius na Amurka da abokan aikinsa ne suka gano ta a 1997 suna binciken barkono, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2021. Sinadarin jinjarol na citta da fiferin na masoro su ma suna buɗe ƙofar nan ko da babu wuta, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta iya bambancewa. Shi ya sa kake gumi idan yaji ya yi yawa a farfesu: jikinka na ƙoƙarin kashe zafin da bai ma shige shi ba. Ɗumin gaske dai ruwan zafin ne ke kawo kaɗan, sauran kuma daga sukari da madarar da jiki zai ƙona.

Turawa ma suna da nasu abin shan na sanyi, sai dai su da barasa suke haɗawa, kuma asalinta rake ne. Wajen tsakiyar ƙarni na 17, a tsibirin Barbados, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne ke noman rake. Idan an cire sukari, akwai baƙin ruwa mai kauri da ke saura. Shi ne wanda ba a cirewa a mazarƙwailarmu, shi ya sa take da duhu da ƙamshi. Wannan ruwa ake bari ya ruɓa, a tace barasar da suke kira ram. Daga baya Turawan da suka zauna a arewa maso gabashin Amurka suka riƙa zuba ta a ruwan zafi da man shanu da kirfa da kanumfari, wai maganin sanyi.

Yaudarar barasa fa ta fi ta citta haɗari nesa ba kusa ba. Tana buɗe hanyoyin jinin da ke ƙarƙashin fata, jini mai ɗumi ya taso sama, mutum ya ji kamar ya rufa da bargo, alhali ta nan zafin cikinsa ke tsiyayewa. Tana kuma rage makyarkyata, wadda ita ce dabarar jiki ta samar da zafi. A ƙasashen ƙanƙara, hakan na kai mashaya ga mutuwa a waje ba su ma san sanyi na cin su ba.

Man shanun ne kawai suka yi daidai. Sinadaran kayan ƙamshi sun fi narkewa a maiƙo kan ruwa, don haka madara ke tausasa yajin shayi, ƙamshin kuma ya daɗe a baki.

Idan za ka dafa naka, ka san busasshiyar citta, irin wadda ake kawowa daga yankin Kachia, ta fi ɗanya yaji, domin bushewa na juya jinjarol zuwa wani sinadari mai suna shogawol. Daka ta ka tafasa da masoro. Kanumfari kuwa, wanda asalinsa tsibiran Maluku ne a Indonesiya, man da ke cikinsa yana bin tururi ya gudu, saboda haka rufe tukunya. 'Ya'ya kaɗan sun isa, in ba haka ba ya kashe maka harshe kamar yadda yake kashe ciwon haƙori. Ganyen shayi sai can ƙarshe, minti uku zuwa biyar. Wanda ya wuni yana tafarfasa a kan wuta, kamar yadda wasu masu shayi ke barin nasu, bauri ne zai rufe ƙamshin, sai an tula sukari kafin ya shawu.