Wi-Fi ɗin Kyauta: Me Mai Shi Ke Iya Gani a Wayarka?

Duk wanda ya saba hawa Wi-Fi ɗin makaranta ko na otal ya taɓa tambayar kansa: shin mai shi yana karanta hirata? Amsar tana wajen wani abu da ake kira firoksi.

Firoksi dillali ne: ka nemi shafi, ya karɓo ya miƙo maka. Akwai irin wanda ba sai ka saita komai a waya ba, masu kula da netwok ne ke karkatar da hanya, duk abin da ka aika ya bi ta hannunsa ba ka sani ba. An daɗe ana amfani da manhajar Squid wajen wannan, don rage cin data ko toshe wasu shafuka.

Lokacin da http ke tashe, dillalin nan komai yana gani, har fasiwod. Da https ya zo sai saƙo ya koma a kulle tsakanin burauzarka da shafin, dillali na ɗauke da ambulan amma ba dama ya buɗe. Tun Yulin 2018 Chrome ke nuna cewa shafin http ba shi da tsaro.

Sai dai fa bai makance ba. Yawanci sunan shafin yana fita a fili, haka lokaci da yawan data. Ya san kana Instagram ƙarfe 2 na dare (ranar da kake da jarrabawa!), amma bai san wa ka tura wa saƙo ba. Shi ya sa toshewa ba ta da wuya: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ba tare da buƙatar karanta saƙon kowa ba.

In dillali na son buɗe ambulan, sai wayarka ta yarda da satifiket ɗinsa. A Yulin 2019 gwamnatin Kazakistan ta umarci jama'a su sanya nata. A watan Agusta Google, Mozilla da Apple suka toshe shi a burauzojinsu. Don haka in Wi-Fi ya ce sai ka sanya satifiket kafin ka hau, gara ka kunna datarka. Kwamfutar ofis kuwa mai yiwuwa da shi aka ba ka ita, kada ka buɗe imel ɗinka na sirri a kai. Saƙon WhatsApp dai ko da satifiket ba ya karantuwa, don makullinsa na wayarka da ta wanda ka tura wa.