Tsutsotsin cikin kangaru: kamanni ɗaya, jinsi daban-daban

A Ostareliya, kangaru da dangoginsa, wato dabbobin da ke goyon 'ya'yansu a cikin jakar fata da ke jikin cikinsu, na ɗauke da tsutsotsi iri-iri. Tumbin kangaru ɗaya kan ƙunshi dubban tsutsotsi, kuma galibi ba sa yi masa wata illa ta a zo a gani. Zuriyar Cloacina kaɗai, wadda ke zaune a tumbin waɗannan dabbobi, tana da jinsuna fiye da 100.

Da can masana kan bambance tsutsotsi ne ta hanyar duba siffarsu da madubin ƙara girma, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa ido kan yaudari mai kallo. A shekarar 1992, Neil Chilton da Ian Beveridge da wani abokin aikinsu sun yi nazari a kan Hypodontus macropi, tsutsar da ke manne wa hanjin kangaru. An daɗe ana ɗaukar ta jinsi guda, sai suka gano cewa aƙalla jinsuna 6 ne masu kamanni ɗaya, kuma yawanci kowanne na da irin dabbar da yake zama a cikinta.

Abubuwa biyu ne ke haifar da wannan rarrabuwa. Wani lokaci tsutsa kan rabu gida biyu yayin da dabbar da ke ɗauke da ita ta rabu. Wani lokaci kuma takan koma cikin wata dabbar ta daban da ke kiwo a wuri ɗaya, domin dabbobin na haɗiye 'ya'yan tsutsar ne tare da ciyawa. Daga nan sai zuriyarta ta kama hanyarta.

Wannan sani na da amfani ga masu kare namun daji. Idan tsutsa ba ta rayuwa sai a cikin dabba iri ɗaya, ƙarewar dabbar na nufin ƙarewarta, watakila tun kafin a raɗa mata suna. Haka kuma binciken na taimakawa wajen bambance tsutsotsin asali da baƙi masu cutarwa, irin su Echinococcus granulosus, wadda ta shiga ƙasar bayan zuwan Turawa da tumaki da karnukansu. Ita wannan takan yi ƙullutu a huhun walabi, ƙaramin ɗan'uwan kangaru, har ta kai ga halaka shi.