Bidiyon da Ke Auna Ƙarfin Rezo

A Abala, arewa da Filinge a ƙasar Kurfai, mai kallon YouTube a salula ya saba da wannan: hoto na tafiya tangaran, sai fuskoki su yi dishi-dishi, can kuma su washe. Da yawa sukan ɗora wa wayar laifi, alhali kuwa dabara ce aka gina da gangan.

Bidiyo jerin hotuna ne, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Da za a tura su ɗanyu a girman 1080p, sai an sami layin da ke ɗaukar fiye da megabit 1,000 a daƙiƙa. Shi ya sa ake matse su. A ce wani ya ɗauki kasuwar dabbobin Abala domin ɗan'uwansa da ke ci-rani a Libiya. Rumfuna ba sa motsi, yashi ma haka. Sa guda ne ke kaɗa kai. Sai manhaja ta ajiye cikakken hoto ɗaya, a na bayansa ta rubuta abin da ya sauya kawai. Da irin wannan hikima tsarin H.264 na shekarar 2003 ke mayar da megabit dubun nan zuwa kusan 5.

To, amma rezo ba ya zama wuri ɗaya, balle a garin da jama'a ta ƙaru tun zuwan 'yan gudun hijirar Mali a 2012, eriya ɗaya na ɗauke da wayoyi barkatai. Maganin da Apple ya fitar a 2009 da sunan HLS, sannan MPEG-DASH ya biyo a 2012, shi ne a yayyanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace 'yan daƙiƙoƙi, a tanadi kowace gunduwa a mataki daban-daban, daga 144p zuwa sama. Waya na auna saurin isowar wadda ta gabata, ta zaɓi ta gaba daidai ƙarfin layi. A ganina zaɓin ya yi daidai: gara fuskar mai wa'azi ta dushe da maganarsa ta yanke.

Sai dai ƙarfin rezon Airtel ko Moov wayar take aunawa, ba ta san aljihun mai ita ba. In rezo ya yi kyau da tsakar dare, sai ta haye mataki na sama, awa ɗaya a 1080p ta lashe kusan giga 2. Wanda ya shiga saiti ya tsayar da ita a 240p da hannunsa, giga biyun nan za su kai shi awanni da dama.